Abin da Ya Kai Ni ga Koyar da Falsafa da Ilimin Halayyar Ɗan Adam

Ni malami ne a ɗaya daga cikin kwalejojin horar da malamai na arewacin Najeriya, kuma darussa biyu ne a hannuna tun da na kama aiki a wurin, wato falsafar ilimi da ilimin halayyar ɗan Adam. Duk ɗalibin da yake neman takardar shaidar malanta ta NCE sai ya bi ta kansu, ko yana so ko ba ya so, kuma galibinsu ba da son ransu suke zuwa ba. Darasi na farko tsoronsa suke ji, domin sun tashi da jin cewa falsafa hanyar ɓata ce. Na biyun kuwa raina shi suke yi, suna ganin haddar sunayen Turawa ce da za a juye a takardar jarrabawa a wuce wurin. 'Yan'uwa da abokan aiki sun sha tambayata abin da ya kai ɗan gidan almajirai irina ga waɗannan fannoni, alhali ga Larabci, ga addini, ga lissafi. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta yadda abin ya faro, domin ba a cikin littafi na fara haɗuwa da su ba, a gidanmu ne.

An haife ni a 1969 a wani ƙaramin gari a kudancin ƙasar Katsina, lokacin muna ƙarƙashin Jihar Arewa ta Tsakiya. Mahaifina maɗinki ne, da damina kuma manomi, mutum ne mai ƙarancin magana wanda ba ya son a yawaita tambaya. Na fara da makarantar allo kamar kowane yaro a unguwarmu. A 1976, da gwamnati ta kawo shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda ake kira UPE, mai unguwa ya riƙa bi gida gida yana tattara yara, ana sa kowane yaro ya ɗora hannu ta saman kansa ya taɓa kunnensa na ɗaya ɓangaren, wanda hannunsa ya kai sai a rubuta sunansa. Baba bai so a rubuta ni ba. Kawuna, yayan Inna, shi ne ya zo har gida ya zauna da shi, ya ce ya bar ni in tafi, shi kuma ya ɗauki nauyin karatuna na addini da asuba da kuma bayan magariba. Da wannan sharaɗi na shiga makarantar boko.

Kawu malamin zaure ne wanda ya yi yawon neman ilimi a Zariya da Kano tun yana saurayi. A gabansa na sauke Alƙur'ani, na karanta Ahalari da Ishmawi da Iziyya, daga baya Risala. Abin da ya bambanta shi da sauran manyan da na sani shi ne bai taɓa tsawata mini don na yi tambaya ba, sai dai duk maganar da na kawo masa sai ya ce, “To, yaro, mece ce hujjarka?” Akwai shekarar da gonar wani maƙwabcinmu ta ƙi, mutane suka yi ta cewa ai don ba ya fitar da zakka ne. Na zo na faɗa wa Kawu da ƙarfin gwiwa, kamar na kawo wani babban labari. Sai ya tambaye ni ko gonar liman ta yi kyau a wannan shekarar, na ce ita ma ta ƙi. Ya ce ko liman ba ya fitar da zakka, na ce yana fitarwa. Sai ya ce mini fitar da zakka wajibi ne, wanda ya hana ta yana da hisabi a gaban Ubangijinsa, amma faruwar abubuwa biyu a lokaci guda ba ta isa ta nuna cewa ɗaya ne ya jawo ɗaya ba, kuma wanda ya yanke wa ɗan'uwansa hukunci da zato ya ɗauki alhaki. Ban kai shekara goma sha biyu ba a lokacin, amma har yau da wannan misali nake buɗe darasin dalili da sakamako a ajina.

Da na ƙara girma sai ya ɗauko mini wani ɗan ƙaramin littafin waƙe na Larabci mai suna Sullamu, ya ce wannan shi ne manɗiƙi, ilimin auna magana da gane hujja mai inganci daga maras inganci. Ya nuna mini cewa mawallafinsa shi ne dai Shehu Abdurrahman Al'ahdari, malamin ƙasar Aljeriya na ƙarni na 16, wanda ya rubuta Ahalarin da kowane ɗalibi yake koyon tsarki da salla da shi. Wannan ya ba ni mamaki ƙwarai, domin na riga na fara jin wasu suna cewa manɗiƙi haramun ne. Kawu ya ce saɓanin tsoho ne, ya ba ni labarin Shehu Magili, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, da yadda suka yi musayar baitoci da Imamu Suyuɗi na Masar, shi Suyuɗi yana hana karanta manɗiƙi, shi kuwa Magili yana kare shi da cewa gaskiya ana karɓarta idan hujjarta ta tsaya, ko daga bakin wa ta fito. Kawu bai zagi ko ɗaya daga cikinsu ba, ya ce dukkansu manya ne, amma shi yana tare da Magili. A zauren nan na koyi yadda ake iyakance ma'anar abu kafin a yi gardama a kansa, da yadda ake haɗa jumla biyu a fitar da natija, da wuraren da mai magana yake zamewa ba tare da ya sani ba.

A makarantar boko kuwa wani abu daban na gani. Akwai wani abokina da muke zama benci ɗaya, yaro mai kaifin basira wanda zai kwance rediyo ya mayar da ita tana magana, kuma duk labarin da aka faɗa a gabansa sau ɗaya ya riƙe shi ke nan. Amma idan aka ɗora masa littafi sai haruffa su rikice masa, ya karanta na baya a gaba, ya tsallake layi, gumi ya yi ta karyo masa. Kusan kullum sai ya sha bulala, kuma sunansa a aji ya koma daƙiƙi, har mu yara muka ɗauka. Bai gama aji huɗu ba ya daina zuwa. Shekaru da yawa bayan haka, ina karatun malanta, na ci karo da bayanin matsalar da ake kira disleksiya, wato wahalar haɗa harafi da sautinsa ga yaron da hankalinsa lafiya lau yake, sai na ga kamar abokina ake siffantawa. Na ajiye littafin na daɗe ban iya ci gaba ba. Yanzu shi babban makaniki ne mai yara da yawa a ƙarƙashinsa, Allah ya rufa masa asiri, amma har gobe idan za a sa hannu a takarda sai ka ga jikinsa ya yi sanyi, kuma ya taɓa ce mini shi dai Allah bai ba shi ƙwaƙwalwa ba. Malaman da suka doke shi ba mugaye ba ne, abin da suka sani ke nan, kuma babu wanda ya taɓa gaya musu cewa akwai irin wannan yaro a kowace makaranta.

Abin da ya fi komai juya rayuwata shi ne rashin lafiyar yayata. Ina kwalejin horon malamai mai daraja ta biyu lokacin da ta dawo gida goyon ciki, ta haifi ɗanta na fari lafiya. Kafin ranar suna sai aka ga barci ya ƙaurace mata. Tana kwana tana magana, wani lokaci dariya, wani lokaci kuka, sannan ta fara ƙin ba jaririn nono, tana cewa an canja mata shi, wannan ba nata ba ne. Yaya mace ce mai kunya wadda ko sunan mijinta ba ta faɗa, amma sai ga ta tana fita tsakar gida ba mayafi tana kiran sunayen mutane. Na zo hutu na tarar da gidanmu kamar gidan makoki.

Kowa ya zo da nasa bayanin. Wasu suka ce iska ce ta shige ta a wurin wankan jego, wasu suka ce sammu ne daga dangin miji, wasu kuma suka ce kamun maita ne. Wannan zance na ƙarshe shi ya fi karɓuwa, kuma nan da nan aka samo wadda za a ɗora wa, wata tsohuwa maƙwabciyarmu da ba ta da ɗa ba ta da jika, wadda laifinta kawai shi ne ta shigo barka ta ɗauki jaririn ta yaba kyansa. Aka yi hayaƙi, aka yi turare, aka sha jiƙe-jiƙe, aka kira masu magani daga garuruwa, Baba ya sayar da tumakinsa har da keken ɗinkinsa na biyu. Da abin ya tsananta aka ɗaure ta da igiya a ɗaki don kada ta fita ta faɗa rijiya, kuma ni da kaina na riƙe ƙafafunta ana ɗaurewa, tana kallona tana cewa, “Ƙanena, har da kai?” Ba a jima ba takardar saki ta iso daga gidan mijinta.

Kawu ne ya tsaya ya ce a kai ta asibiti. Wasu dattawa suka ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, sai ya karanta musu hadisin da yake cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta, ya ce addu'a ba za a fasa ba, shi da kansa zai ci gaba da yi mata, amma addu'a ba ta hana neman magani. Game da tsohuwar kuma ya yi tambayarsa ta kullum, ya ce mutum nawa ne suka shigo barka suka ɗauki yaron, kuma da wace hujja aka ware ita kaɗai. Babu wanda ya amsa, amma babu wanda ya janye zargin. Muka ɗauki Yaya a mota zuwa asibitin masu taɓin hankali a Kaduna. A can wata ma'aikaciyar jinya ta zaunar da ni da Inna, ta yi mana bayani da Hausa cewa wannan ciwo sananne ne, yana kama wasu mata a makonnin farko bayan haihuwa, kuma yana jin magani. Daga baya na karanta cewa yana samun mace ɗaya ko biyu a cikin kowace dubu da suka haihu, kuma akwai wani mai sauƙi a kansa, ciwon damuwa na bayan haihuwa, wanda ya fi shi yawa nesa ba kusa ba. Cikin 'yan watanni Yaya ta dawo hayyacinta, ta karɓi ɗanta, daga baya ta sake aure, yau tana da jikoki. Sai dai sunan mahaukaciya ya daɗe yana bin ta a garin, ita kuwa tsohuwar nan har ta koma ga Allah yara suna gudu idan sun hango ta, mata ba sa karɓar abin hannunta.

Na daɗe ina juya wannan al'amari a raina, kuma abin da na fahimta shi ne mata biyu aka zalunta a lamari ɗaya, ba tare da kowa ya yi niyyar zalunci ba. Yaya ta sha ɗauri da saki saboda ba mu san yadda hankalin mutum yake kamuwa da ciwo kamar yadda jiki yake kamuwa ba. Tsohuwar ta mutu a wulaƙance saboda ba mu saba tambayar hujja ba kafin mu yarda da magana. Da muna da ilimin halayyar ɗan Adam da ya hana na farko, da an yi aiki da manɗiƙin da Kawu ya koya mini da ya hana na biyu. Duk wanda ya tambaye ni dalilin da ya sa na haɗa darussan nan biyu, to daga ɗakin da aka ɗaure yayata na ɗauko su tare.

Bayan na gama kwaleji na koyar a firamaren wani ƙauye, inda yara suke zaune a ƙasa har bakin ƙofa, sannan na koma na yi NCE, daga nan na samu shiga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya na karanci ilimin koyarwa. A ɗakin karatu na Kashim Ibrahim na fara karanta masana falsafar Girka, na san Sokiratis wanda mutanen Atina suka yanke wa hukuncin kisa a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa, bisa zargin yana ɓata matasa da tambayoyinsa. Na karanta waɗanda suka zo bayansa har zuwa na zamani, cikinsu akwai masu imani da Allah, akwai masu inkari. Wasu tambayoyin sun hana ni barci, kuma ban ɓoye wa Kawu ba. Na zo hutu na ce, “Allah gafarta Malam, ina karanta abubuwan da suke tayar mini da hankali.” Bai ce in daina ba. Ya ce Imamu Gazali sai da ya karanci falsafa ya fahimce ta fiye da masu ita kafin ya yi mata raddi, kuma ko a raddin nasa bai jefar da komai ba, ya ware mas'alolin da ya ga sun saɓa wa addini, ya riƙe manɗiƙi har ya sa shi a gabatarwar littafinsa na usulul fiƙhi. Ya ce Ibn Rushdi, wanda ya mayar wa Gazali martani, alƙali ne na mazhabar Malikiyya a birnin Ƙurɗuba na Andalus, kuma malamanmu suna karanta Bidayatul Mujtahid ɗinsa har yau. Ya umarce ni da in riƙe sallata da karatun Alƙur'ani, in kuma karanta kowace magana har ƙarshenta kafin in karɓa ko in ƙi. Da wannan nasiha na fita daga wancan hali, imanina bai ragu ba, sai ma na san dalilin abubuwa da yawa da a da gado kawai na yi.

A ɓangaren ilimin halayya kuma, littattafan da aka ba mu suna fara tarihin fannin ne daga 1879, shekarar da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a birnin Leipzig na Jamus, ya raba shi da falsafa. Wannan gaskiya ne ta fuskar gwaje-gwaje, amma na ji daɗi matuƙa da na gano rubuce-rubucen Farfesa Malik Badri, masani ɗan ƙasar Sudan, wanda tun 1979 ya gargaɗi Musulmi masu wannan fanni da kada su haɗiye duk abin da aka kawo musu ba tare da tacewa ba. Ta hanyarsa na san Abu Zaid Albalkhi, wanda ya rasu a 934, wanda ya bambanta baƙin cikin da yake da sanannen dalili, kamar rasuwa ko asara, da wanda yake sauko wa mutum ba dalili, ya ce na farko ana magance shi da nasiha da gyaran tunani, na biyu kuwa yana da alaƙa da jiki kuma yana buƙatar magani. Haka nan na karanta aikin Dokta Thomas Adeoye Lambo, wanda a 1954 ya fara tsarin ajiye masu taɓin hankali a gidajen ƙauyen Aro kusa da Abeokuta tare da danginsu, suna zuwa asibiti da rana, maimakon a kulle su. Wannan ya tabbatar mini cewa fannin ba kayan aro ba ne, muna da rabo a cikinsa ta wajen addini da ta wajen ƙasa. Ina koyar da ra'ayoyin Sigmund Freud, masanin halayya ɗan ƙasar Ostiriya, domin suna cikin manhaja, amma ina faɗa wa ɗalibaina a fili inda na saɓa masa, da hujjata, sannan in bar su su auna.

Ranar farko a ajin falsafa ba na kawo sunan Bature ko ɗaya. Nakan rubuta karin magana biyu a allo, “Hali zanen dutse” da “Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi”, in tambaye su wanne ne gaskiya. Idan hali zanen dutse ne, me ya kawo su koyon malanta, tun da babu abin da za su iya canjawa a yaro? Idan kuma ana tanƙwara shi, me ya sa 'ya'yan gida ɗaya, tarbiyya ɗaya, suke fitowa daban? Kafin a tashi sai ka ga ajin ya kaure da muhawara, har waɗanda suka shigo suna ɗaure fuska sun ɗaga hannu. Sai a ƙarshe nake gaya musu cewa abin da suka yi yanzu shi ne falsafa, kuma wannan tambaya ta gado da tarbiyya ita ce masana halayya suke bincike a kanta har yau. Wani mako mu ɗauki “Gani ya kori ji”, in tambaye su game da kawalwalniyar da matafiyi yake hangowa a kan kwalta da tsakar rana, ko shi ma ganin yana buƙatar mai tantance shi. Idan muka zo kan manufar ilimi kuwa, da mutumin kirki muke farawa, da siffofin da Bahaushe yake auna shi da su, irin su gaskiya da amana da haƙuri da kunya da mutunci, waɗanda wani masani ɗan Birtaniya, Anthony Kirk-Greene, ya tattara a wata lacca da aka buga a 1974. Tambayar da nake bar musu ita ce, makarantar da take yaye mai takarda wanda ba shi da amana, ta yi aikinta ko ba ta yi ba.

A ajin halayya kuma na fi son su gani da idonsu. Idan za su tafi koyarwar gwaji nakan ce kowa ya sami yaro ɗan shekara huɗu ko biyar, ya zuba ruwa daidai wa daida a kofi biyu iri ɗaya, yaron ya yarda daidai suke, sannan a gabansa ya juye ɗaya a doguwar kwalba siririya, ya tambaye shi wanne ya fi yawa. Galibin yaran za su nuna kwalbar. Wannan gwajin Jean Piaget ne, masanin ƙasar Suwizalan, kuma ɗalibin da ya yi shi da hannunsa ba ya sake ɗaukar yaro a matsayin babban mutum mai ƙaramin jiki, yakan gane cewa akwai abin da ƙwaƙwalwa ba ta kai gare shi ba tukuna, kuma bulala ba ta gaggauta shi. Idan muka zo kan mantuwa nakan kawo binciken masanin Jamus Hermann Ebbinghaus na 1885, wanda ya nuna cewa mafi yawan abin da mutum zai manta a farko-farko yake zubewa, kuma bita a rarrabe ta fi bita a dunƙule. Sai in tambayi waɗanda suka yi tsangaya a cikinsu yadda gardi yake riƙe haddarsa, su ce da tilawa kullum, kaɗan kaɗan, ba ya bari ta kwana biyu. Alarammomi sun daɗe da sanin wannan a aikace, kuma ina ganin rashin adalci ne malamin boko ya raina tsarin da bai tsaya ya fahimta ba, kamar yadda nake ganin wajibi ne a faɗi gaskiya game da duka da yunwa da bara a duk inda suke cutar da yaro.

Zamanin wayar hannu ya ƙara mini tabbacin cewa tambayar Kawu tana da amfani fiye da da. A watan Agustan 2014, lokacin fargabar cutar Ebola, saƙo ya zagaya cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, mutane suka tashi 'ya'yansu da tsakar dare, masu digiri da marasa shi, har aka samu asarar rai. Washegari na shiga aji na tambayi waɗanda suka yi, hannuwa suka tashi da yawa. Ban yi musu dariya ba, domin tsoro ne ya sa su, kuma tsoro yana toshe tunani ga kowa. Muka zauna muka bi saƙon daki daki, wa ya faɗa, ina ya samo, ta yaya gishiri zai hana ƙwayar cuta, me ya sa saƙon da ya zo daga uwa ko aboki ya fi saurin shiga zuciya. A zama ɗaya muka yi manɗiƙi muka yi ilimin halayya, kuma ɗaliban wannan shekarar har yau idan mun haɗu sukan tuna mini.

Shekarun nan na rashin tsaro sun ɗora wa aikin wani nauyi da ban taɓa zato ba. Tun bayan sace ɗaliban makarantar sakandaren Ƙanƙara a watan Disamban 2020, da hare-haren da suka tarwatsa ƙauyuka a Katsina da Zamfara, tsofaffin ɗalibaina da suke koyarwa a karkara suna kirana a waya da tambayoyin da babu su a manhaja. Wata ta ce tana da yarinya a aji da ta daina magana tun ranar da aka kashe mahaifinta a gabanta. Wani ya ce yaro yana shigewa ƙarƙashin benci duk lokacin da ya ji ƙarar babur, kuma shugaban makaranta yana ganin iskanci ne. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne kawai ga mutum sama da miliyan 200, kuma kusan dukkansu a manyan birane suke, saboda haka malamin firamare shi ne mutum na farko, wani lokaci ma shi kaɗai, da zai lura cewa yaron nan ba taurin kai yake yi ba. Ina jaddada musu cewa su ba likitoci ba ne, kada su laƙaba wa yaro sunan ciwo, kada su ba da magani. Aikinsu shi ne su lura, su sassauta, su zauna da iyaye cikin ladabi, su nuna hanyar asibiti idan abin ya wuce saninsu. Na yi murna da aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, musamman bayan abin da aka gani a 2019 lokacin da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga gidajen mari a Kaduna da Katsina, wasu da sarƙa a ƙafa. Amma doka ba ta isa ɗakin da ake ɗaure mai jego ba sai ta hannun wani ɗan gidan da ya sani.

Aikin yana da wahalarsa. Albashi ba ya kai wata, ɗalibai sun fi ƙarfin ɗakin karatu har wasu suna leƙowa ta taga, kuma da yawansu malanta ba ita ce zaɓinsu na farko ba, sun zo ne don ba su samu jami'a ba. An taɓa yi mini tayin komawa ofis inda kuɗi ya fi kauri, na yi istihara na yi shawara da iyalina na zauna inda nake. Lissafina shi ne duk ɗalibi ɗaya da ya fita daga hannuna zai tsaya a gaban dubban yara kafin ya yi ritaya, a cikinsu akwai irin abokina na benci, akwai masu yawan tambaya irina, akwai 'yan matan da wata rana za su haihu. Ban san wani ofis da zai ba ni wannan dama ba. Kawu ya rasu ina tsakiyar wannan aiki, Allah ya jiƙansa da rahama, kuma ya rayu har ya ga wasu daga cikin ɗalibaina suna zuwa gaishe shi.

Abin da na sa a gaba yanzu shi ne mayar da darussan nan cikin Hausa. Na lura cewa ɗalibi yakan haddace bayani da Turanci ya ci jarrabawa, amma idan na ce ya yi wa kakarsa bayanin abin sai ya rasa ta cewa, alhali da Hausa zai yi magana da iyayen yara a ƙauye. Na fara rubuta ƙananan takardu a kan matakan girman yaro, da alamomin firgici bayan tashin hankali, da ciwon da yake kama masu jego, da hanyoyin gane magana maras hujja, ina ba wasu malaman zaure da wata ungozoma da ma'aikatan jinya su duba su gyara mini. Duk ranar Asabar ta ƙarshen wata kuma muna haɗuwa da malaman firamare na yankinmu a wani aji da aka ba mu aro, kowa ya kawo matsalar da ya gamu da ita mu tattauna. Yaya ta ba ni izinin ba da labarinta a waɗannan zama ba tare da ambaton sunanta ba, kuma ta ce idan takardar masu jego ta kammala in kawo mata, za ta sa a riƙa karanta wa mata a makarantar Islamiyyar unguwarsu.